Addini da siyasa a farkon tarihin Amurka: ko ɗalibinmu zai iya mai da wannan fanni sana'arsa?

Almajirin Madina ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina shekarar ƙarshe ta digirin farko a nan Madina, kuma karatuna ya fi karkata ga tarihin Musulunci. A cikin bitar da nake yi kan dangantakar Turabulus ta Libiya da ƙasashen ƙetare a zamanin Pasha Yusuf Karamanli, mai mulkinta, na ci karo da yarjejeniyar da ya ƙulla da Amurka a 1796, wadda majalisar dattawan Amurka ta amince da ita a 1797 ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, Shugaba John Adams kuma ya sa mata hannu. Sashe na 11 na wannan yarjejeniya yana cewa ba a kafa gwamnatin Amurka a kan addinin Kirista ba ta kowace fuska. Abin ya ɗaure mini kai, domin na taso ina jin cewa masu tsananin riƙo da addini ne suka kafa ƙasar, har ma sukan hukunta wanda ya ƙi zuwa coci.

Tun daga lokacin nake jin sha'awar in ci gaba da karatu a wannan fanni har zuwa digirin digirgir. Ina roƙon waɗanda suka san harkar jami'a su bayyana mini yadda malamin tarihi yake gina rayuwarsa a kan irin wannan bincike, da kuma ko akwai gurbi a ciki ga Bahaushe Musulmi wanda Larabcinsa ya fi Turancinsa ƙarfi, ko kuwa in haƙura in tsaya a inda na fi wayo.

Malamin Tarihi, Jidda, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Abubuwa biyun da ka ji duk gaskiya ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce gonar da malaman wannan fanni suka shafe kusan ƙarni guda suna nomawa. Furitanawa, wato Kiristocin Ingila masu tsananin riƙo da addini, waɗanda suka sauka a Massachusetts a 1630 ƙarƙashin John Winthrop sun kafa doka a 1631 cewa babu mai jefa ƙuri'a sai cikakken ɗan coci, kuma bayan 'yan shekaru suka ƙara da cewa ba a zama cikakken ɗan coci sai mutum ya ba da labarin yadda tuba ta shige shi, an saurara an gamsu. Sun kori Roger Williams a 1635 saboda ya ce hukuma ba ta da hurumin tilasta wa mutum ibada, sun gurfanar da Anne Hutchinson a 1637, sun kuma rataye Mary Dyer a Boston a 1660 saboda ta nace da komowa tana wa'azin ɗarikar Quaker bayan an kore ta. Duk da haka, waɗannan mutanen ne ba su yarda limamansu su riƙe muƙamin gwamnati ba, kuma ɗaurin aure a wurinsu aikin alƙali ne, ba na limami ba. Wanda ya ce musu daular malamai ya yi gaggawa, wanda kuma ya ce su ne iyayen 'yancin addini ya fi shi gaggawa.

Tunda ka tambayi yadda ake gina rayuwa a kan wannan, bari in ba ka misalin mutum ɗaya, Edmund Morgan, wanda a ganina babu wanda ya fi shi nuna yadda sana'ar take tun daga tushe. An haife shi a 1916, ya kammala digirin digirgir a Harvard a 1942 a hannun Perry Miller, wanda shi ne ya farfaɗo da nazarin tunanin Furitanawa a lokacin da yawancin masana suke yi musu kallon masu ƙuntataccen tunani da ba su cancanci a ɓata lokaci a kansu ba. Miller da kansa ya rubuta cewa niyyar wannan aiki ta zo masa ne a Afirka, a tashar jiragen ruwa ta Matadi da ke bakin kogin Kwango, lokacin yana saurayi yana aikin sauke gangunan mai. Morgan kuwa bai wuce kai tsaye daga aji zuwa kujerar koyarwa ba, domin a shekarun yaƙin duniya na biyu aikin sassaƙa ƙarfe da inji ya yi a wani ɗakin bincike na jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT. Bayan yaƙi ya koyar a Chicago na ɗan lokaci, ya koma Brown a 1946, sannan Yale daga 1955 har ya yi ritaya a 1986.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda tambayoyinsa suka riƙa haifar juna. Kundin digirinsa a kan gidan Bafuritane ne, wato aure da tarbiyyar yara da zaman bara da ubangidansa. Daga gida ya hau zuwa mai mulki, ya rubuta tarihin Winthrop a 1958, inda ya tambayi yadda mai tsoron Allah zai riƙe mulki ba tare da ya gudu daga duniya ko ya narke a cikinta ba. Daga nan ya shiga batun wanda ya cancanci zama ɗan coci a 1963, sannan Roger Williams da rabuwar coci da hukuma a 1967. A 1975 ya bar arewa gaba ɗaya ya gangara Virginia, ya fitar da littafin da ya fi shahara da shi, wanda ya nuna cewa 'yancin da manyan Virginia suke taƙama da shi a kan bayan bayi aka gina shi. Yana da shekara 86 ya sake fitar da littafi a kan Benjamin Franklin, ya rasu a 2013. Shi da malaminsa Miller duk ba masu addini ba ne, amma sun karanta huɗubobin Furitanawa da natsuwar da mabiya da yawa ba su yi ba, saboda haka kada ka ɗauka sai Kirista ne yake da izinin shiga wannan fage.

Tsarin karatun a Amurka kuwa sananne ne: kimanin shekara biyu ana darussa, sai babbar jarrabawa a kan ɗimbin littattafan fanni, sai shekarun bincike a ma'ajiyar takardu da rubuta kundi, abin da jimillarsa kan kai shekara shida ko bakwai. Wanda ya samu aiki kuma ana ba shi wajen shekara shida ya mai da kundin nan littafi kafin a tabbatar da shi. Mujallar da kowa a fannin yake burin ganin sunansa a ciki ita ce William and Mary Quarterly, wadda cibiyar Omohundro ta Williamsburg take fitarwa.

Ɗan Maiwurno, Riyad, ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya ƙayatar, amma ina neman izini in ɗan ja wa ƙanenmu linzami, domin zamanin Morgan ya wuce. Shi ya fito ne a lokacin da jami'o'in Amurka suke faɗaɗa bayan yaƙi suna neman malamai ido rufe. Tun bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008 guraben dindindin a sassan tarihi suka ragu ƙwarai, kuma masu kammala digirin digirgir a kowace shekara sun fi guraben yawa, har 'ya'yan ƙasar da suka fito daga manyan jami'o'i suna yawon koyarwar wucin gadi daga wannan kwaleji zuwa waccan. Mu da muke zaune a nan Saudiyya da igama, wato takardar izinin zama, mun san cewa ranar da karatu ya ƙare zama ma ya ƙare, sai in an samu mai ɗaukar nauyi. Ni a Khartum nake koyarwa kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya watsa mu, kuma na ga yadda takardun shaida masu nauyi suke zama ba su da amfani idan babu inda za a kai su. Don haka, ƙanena, kada ka taka ƙafa zuwa can sai da cikakken tallafin karatu wanda ya haɗa da kuɗin makaranta da na abinci, kuma ka tafi da niyyar cewa mai yiwuwa a Kano ko Sakkwato ko Yamai za ka koyar, inda masanin tarihin Amurka na gaske yake da wuyar samu.

Bayan wannan gargaɗi, ina ganin kana da abin da ɗaliban can ba su da shi. Mu mutanen Maiwurno jikokin masu hijira ne. Kakanninmu sun bar ƙasar Hausa ne bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Idan na karanta labarin mutum wajen dubu ashirin da suka ƙetare teku daga Ingila zuwa Sabuwar Ingila, wato yankin su Massachusetts, tsakanin 1630 da 1640 saboda sun yanke ƙauna daga gyaruwar cocin ƙasarsu, ba na jin baƙon abu. Muhawarar da suka yi kafin su tashi, ko halal ne a bar 'yan'uwa a cikin fitina a tsira da kai, ko kuwa wajibi ne a zauna a yi haƙuri, irinta ce aka yi a Sakkwato tsakanin waɗanda suka bi Attahiru da waɗanda suka zauna tare da Waziri Buhari. Har matsalar jikoki ma ɗaya ce, domin a 1662 sai da limaman Sabuwar Ingila suka yi taro suka sassauta sharaɗin yi wa yara baftisma, saboda 'ya'yan masu hijira sun girma ba su da zafin iyayensu. Bambancin da ba zan ɓoye ba shi ne su sun je sun ƙwace ƙasar mutanen da suka tarar, mu kuwa mun zauna ƙarƙashin mulkin wasu. Amma wanda ya tashi da irin wannan labari a gidansu zai yi wa takardun Winthrop tambayoyin da ɗan Boston ba zai yi tunaninsu ba.

'Yar Makka ta amsa:

Sallama ga kowa. Ni aikina fassara ne tsakanin Larabci da Turanci, ba malamar jami'a ba ce, amma yarjejeniyar da ƙanena ya ambata ta taɓa biyowa ta hannuna, kuma akwai abin da ya kamata ya sani game da ita. Sashe na 11 da ya ba shi mamaki yana cikin nassin Turanci ne kawai, wanda jakadan Amurka Joel Barlow ya aika gida, kuma shi ne majalisar dattawa ta karanta ta amince da shi. A nassin Larabci babu wannan magana sam. A gurbinta akwai wata wasiƙa ce daga mai mulkin Aljaza'ir zuwa ga Pasha na Turabulus. Fiye da shekara ɗari ba a kula da wannan ba, sai wajen 1930 da gwamnatin Amurka ta ba wa masanin nan ɗan ƙasar Holan, Snouck Hurgronje, nassin Larabcin ya duba, wato mutumin da ya taɓa zama a Jidda da nan Makka a 1884 zuwa 1885. Wannan bai rage darajar sashen a matsayin shaidar abin da 'yan majalisar 1797 suka yarda su sa wa hannu ba, amma ya nuna irin abin da yake kwance a ma'ajiya yana jiran mai Larabci. Yarjejeniyar da aka sake ƙullawa a 1805, bayan yaƙin da ƙasashen biyu suka gwabza, ba ta maimaita wannan jimla ba.

Akwai kuma takardun Musulmin Afirka ta Yamma da aka kai can a matsayin bayi. Ayuba Sulaiman Diallo, mutumin Bundu, an kama shi a 1731 aka kai shi gonar taba a Maryland, wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin kuɓutarsa, ya isa Landan a 1733, a can kuma ya rubuta Alƙur'ani da ka. Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 a Carolina ta Arewa, kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa hotunan shafukan a intanet kyauta. Ina ba ka shawara ka buɗe su yau. Za ka ga hannu irin na makarantar allo, fa'un da ɗigonta a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama, kuma kafin ya faɗi ko sunansa sai da ya fara da Suratul Mulk. Bawa ne yake rubuta wa masu mallakar bayi cewa mulki a hannun Allah yake, kuma masana sun daɗe suna muhawara ko da gangan ya zaɓi surar. Wanda ya haddace Tabaraka tun yana yaro yana da ta cewa a wannan muhawara.

Na uku shi ne ɗan littafin Bilali Muhammad na tsibirin Sapelo a Georgia, mai shafi 13, wanda aka daɗe ana zaton labarin rayuwarsa ne. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, shi ya nuna wa malaman arewacin Nijeriya hotonsa, da taimakonsu aka gane cewa batun alwala da salla ne a bisa mazhabar Malikiyya, mai kama da Risala ta Ibn Abi Zaid, ya kuma buga sakamakon a 1940. Ka ga ke nan malamanmu na zaure sun riga ka sa hannu a wannan fanni.

Malamin Tarihi, Jidda, ya sake amsawa:

Hajiya ta kawo abin da ban kawo ba, kuma gargaɗin ɗan'uwana na Maiwurno game da guraben aiki gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Inda nake da ɗan saɓani shi ne kada ɗanmu ya shiga fannin ta ƙofar takardun Larabci kaɗai, domin waɗannan takardu ba su da yawa, Allan Austin ya tattara mafi yawansu tun 1984, Sylviane Diouf ta bi baya a 1998, kuma wanda bai san komai ba sai su zai zama mai fassara ga wasu, su kuma su riƙa yanke hukunci. Darajar Umar ibn Sa'id a wurin masanin tarihin Amurka tana fitowa ne idan an san cocin Presbyterian da iyayen gidansa suka kai shi, da ƙungiyar da take son mayar da baƙaƙen fata Laberiya, wadda ta yi amfani da labarin irinsu don neman goyon baya.

Amsar abin da ya ɗaure maka kai tun farko ma tana can cikin abin da ba Larabci ba. Tsakanin rataye Mary Dyer da yarjejeniyar Turabulus akwai farfaɗowar addini ta shekarun 1730 da 1740, lokacin da George Whitefield yake tara dubban mutane a fili, Jonathan Edwards kuma yake wa'azi a Northampton, coci-coci suka dare gida biyu. Alan Heimert ya ce a 1966 wannan farfaɗowa ce ta share fagen juyin juya halin 1776, Jon Butler kuma ya fito a 1982 ya ce babu wata farfaɗowa guda ɗaya, farfaɗowar wurare daban-daban ce da marubutan baya suka ɗinke suka ba ta suna. Har yau ba a rufe wannan babi ba, kuma irin wannan saɓani shi ne abincin sana'ar: da shi ake samun abin rubuta kundi.

Sannan ka dubi Virginia, inda ake ɗaure masu wa'azin Baptist a kurkuku kafin juyin juya hali saboda ba su da lasisi daga hukuma. A 1784 Patrick Henry ya goyi bayan ƙudurin karɓar haraji don biyan malaman addinin Kirista, James Madison ya rubuta takardar adawa a 1785, amma takardun koken da masu tsananin addini suka zagaya da su sun tara sa hannu fiye da tasa. Su suna tsoron hukuma ta ɓata addini, Thomas Jefferson yana tsoron limamai su ɓata hukuma, suka haɗu a kan doka ɗaya ta 'yancin addini a 1786, wadda Jefferson ya bar wasiyya a rubuta a kan kabarinsa alhali bai sa a rubuta shugabancin ƙasa da ya yi ba. Kundin tsarin mulki na 1787 ya hana gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin tarayya, har wani wakili a taron Carolina ta Arewa a 1788 ya nuna fargabar cewa Musulmi zai iya samun muƙami. Gyaran farko da aka yi wa kundin a 1791 kuwa, wanda ya hana kafa addinin gwamnati, majalisar tarayya kaɗai ya ɗaure wa hannu, shi ya sa Connecticut ta ci gaba da tallafa wa coci da kuɗin haraji har 1818, Massachusetts har 1833. Da Adams yake sa hannu a kan sashe na 11, jiharsa ta Massachusetts tana karɓar harajin coci, kuma a idon mutanen lokacin babu tufka da warwara a ciki, domin gwamnatin tarayya daban, jiha daban.

Game da Turanci, ɗana, a nan ne za ka sha wuya, kuma gara ka sani tun yanzu. Turancin huɗubar 1640 ba na jarida ba ne, cike yake da ishara ga Littafi Mai Tsarki da muhawarar tauhidin malamin Kiristan nan John Calvin, kuma rubutun hannun magatakardan coci na wancan ƙarni sai an koye shi kamar sabon harafi. Ka fara da na ƙarni na 18, wanda ya fi sauƙi. Shafin Founders Online na ma'ajiyar takardun ƙasar Amurka yana ɗauke da wasiƙun Washington da Adams da Jefferson da Madison da Franklin da Hamilton kyauta, Jami'ar Yale kuma ta sa ayyukan Edwards a intanet.

Almajirin Madina ya rubuta:

Allah ya saka wa iyayena da alheri, ya ƙara wa Malam lafiya, ya kuma mayar da zaman lafiya Sudan. Na buɗe shafukan Umar ibn Sa'id kamar yadda Hajiya ta ce, kuma na iya karanta mafi yawansu ba tare da wahala ba, sai wuraren da tawada ta cinye. Na yanke shawarar in rubuta binciken kammala digirina a kan nassoshi biyu na yarjejeniyar 1796, tunda yana cikin tarihin Arewacin Afirka da sashenmu zai amince da shi, in kuma riƙa karanta wasiƙun Adams da Jefferson a gefe don ƙarfafa Turancina. Abin da ya rage mini shi ne batun digiri na biyu: ko in yi shi a wata jami'a ta gida a fannin tarihi tukuna, ko in nemi tallafi kai tsaye zuwa waje da takardar shaidar Madina. Idan Yaya na Riyad ya san yadda jami'o'in can suke kallon irin takardunmu, ina jiran bayaninsa.